Firigon Baba

Ba ƙarar na'urar ce ta fara ba ni tsoro ba, tashin Baba ne. Mutumin da tun rufe ramin haƙar uranium na Akokan kiran salla kaɗai ke tashe shi daga zaune, shi na gani tsaye cak a bakin rumfa, carbinsa a ƙasa, bai duƙa ya ɗauka ba. Ni ina kwance a kan ƙarfen, na lulluɓa da jiƙaƙƙen zane, cikina wata bakwai. Yayata Habsu ta shigo ke nan daga rana ta ajiye jakarta wajen ƙafafuna, sai wani abu a cikin jakar ya kama ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar gyaɗa a kasko.

Baba ya ce, "Zuwaira, sauko."

A hankali ya faɗa. Da tsawa ya yi mini, da ban ji abin da na ji ba.

Bana azumi ya sake kamawa cikin zafi. Jiya da azahar na jiƙa zane zan kwanta, warin jiƙaƙƙen yadin nan na bugun hancina sai na kasa matse shi. Yaya Habsu ta daɗe tana cewa in rubuta abin ko zai sake ni. Ita ta saba da rubutu. Ni tun da na faɗi jarrabawar bak na bar lise, wato sakandare, ban sake cika shafi biyu ba, sai a waccan shekarar da na riƙe mata takardu.

Goyon ciki ya dawo da ni gida. Na fari ne, ga mijina Laminu direban kamyo, babbar motar kaya, rabin watansa a hanyar Assamaka yake ƙarewa. Saura kwana uku a ga watan azumi aka kawo ni Akokan, na tarar unguwarmu ta zama wata iri. Gidan da ke damanmu a rufe, sun koma Maraɗi. Na hagu an cire masa ƙofa da tagogi. Inda da ake jin motar ma'aikata tana hon da asuba, yanzu sai kukan awaki.

Zafin Akokan ba ya jiran rana ta ɗaga. Kana idar da sallar asuba bango ya riga ya yi ɗumi, don bai huce daga jiya ba. Bayan sahur ba ma komawa barci, lokacin ne pampo ke kawo ruwa, in ya ga dama. Inna ta jera bido-bido, jarkokinmu na ruwa, ni ina riƙe tiyo, ruwan na zuwa siriri, mu cika tano, wato ganga, ɗaya da rabi in an yi sa'a. Daga nan Inna ta surfa gero ta jiƙa na kunu, ni in zauna in gyara waken ƙosai, wanda take soyawa a ƙofar gida da yamma tun da albashin Baba ya tsaya. Kafin ƙarfe goma kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Kafin sha biyu ko ƙuda ba ya tashi. Butar da aka manta a tsakar gida ba ta taɓuwa, in ka yi alwala da ruwanta sai fatarka ta yi ja. Leɓe ya tsage, harshe ya yi nauyi, magana ma sai ta zama dole.

Inna kan ce da ba haka azumin garin nan yake ba. Lokacin da aka kawo ta amarya daga Damagaram ruwa ba ya yankewa, kuran ba ya ɗaukewa, galas, wato ƙanƙara, kyauta maƙwabta ke miƙa wa juna ta kan katanga. Bana kuwa, wato waccan shekarar, ƙullin galas ɗaya muke saye mu fasa shi huɗu, kafin a kira magariba ya zama ruwa. Ba ta faɗa da ƙorafi. Tana faɗa tana tankaɗe.

Abu ɗaya ne bai canza ba a gidanmu, shi ne Firigon Baba. Wani faffaɗan ƙarfe ne mai kaurin tafin hannu, tsawonsa ya ɗauki mutum a kwance, an ɗora shi kan bulo huɗu a ƙarƙashin rumfa. Baba ya saye shi wurin masu tsoffin ƙarafa shekarar da aka haifi Yaya Habsu. Rana ba ta taɓa shi. In aka watsa masa ruwa kofi biyu aka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, sanyinsa har ƙashi. Shi ya sa muka sa masa suna firigo, wato firji. Wurin Baba ne. Can yake kwanciya in ya fito daga rami, can yake shan shayi, kuma tun muna yara mun san ba a hawa. Ko Inna gefe take zama.

Ranar farko ta azumi na nace sai na yi, duk da Inna ta hana. Da azahar jiri ya kwashe ni a bakin madafa. Baba ya dube ni, ya tashi daga kan ƙarfen, ya watsa ruwa da hannunsa, ya ce in hau. Na ce a'a Baba, wurinka ne. Ya ce wurin mai ciki ne bana. Ya ja tabarma ya koma bakin rumfa inda inuwar ba ta da kauri. Tun daga ranar kullum can nake, daga azahar zuwa la'asar, wani lokaci a gefen dama, wani lokaci a hagu, ina manna cikina da sanyin.

Yaya Habsu ta iso kwana biyu da fara azumi. Ita ce mai karatun gidanmu. Ta gama digirin lisans, ta zarce na mastar a Yamai, fannin tattalin arziki da kula da muhalli. Inna na kiransa karatun da ba ya ƙarewa. Ta tambaye ta wai takamaimai me ake koya musu, likita ce za ta zama ko alƙaliya. Yaya ta ce ana koya musu yadda gari zai ci gaba da rayuwa bayan abin da ya tara mutane a cikinsa ya ƙare. Inna ta ce to wannan ai ba sai kin je Yamai ba, zauna nan ki riƙe mini matankaɗi. Yaya ta yi dariya ta ce dama abin da ya kawo ta ke nan, littafin kammala karatunta a kan Akokan za ta rubuta shi.

Gida-gida take shiga da safe kafin rana ta yi ƙarfi, da takardu masu tambayoyi. Sazfam, ungozomar asibiti, ta ce in riƙa tafiya, don haka na zama mai riƙe wa Yaya bik, wato biro. Ita tana tambaya, ni ina cikawa. Mutum nawa ne a gidan da, nawa suka rage. Me ake ci. Bido nawa na ruwa ke isar su a rana. Wa ke kawo abin cefane yanzu. Mata da yawa sun ɗauka sunayen masu karɓar taimako muke rubutawa, sai Yaya ta yi ta rantsuwa ita ɗaliba ce, ba ta da ko mudun shinkafa. Wata tsohuwa ta ce to in ba a ba da komai me ya sa za ta faɗa mana yunwarta. Amma ta faɗa, har ta riƙe mu awa guda.

A shafi na uku akwai wata tambaya: ko akwai wani abu a gidan nan da aka yi da ƙarfen da ya fito daga wajen aikin rami? Kowa a garin ya san da wannan. Shekara da shekaru maƙera na sayen tsoffin ƙarafa su yi ƙofofi, murhu, gadaje, har tukwane. Da hannuna na rubuta amsar tambayar nan a gida fiye da yadda zan iya tunawa. Wasu su nuna ƙofa, wasu su nuna kwanon wanki. In dawo gida a gajiye, in watsa ruwa, in hau ƙarfen in kwanta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba. Ita ma Yaya, da duk karatunta, bai zo mata ba. A wurinmu ba ƙarfen rami ba ne. Firigon Baba ne.

Na'urar kuwa malaminta ne ya aro mata, don ta gwada ko akwai tururin uranium mai cutar da jiki a ƙarafan da ake sayarwa a maƙera. Yini ɗaya aka nuna mata yadda ake kunnawa da yadda ake rubuta lambar da ta fito. Ranar sha biyu ga azumi ta je maƙera ita kaɗai, ta dawo a galabaice, ta manta ba ta kashe ta ba.

Da na sauko, Yaya ta ciro ta daga jaka. Ta tafi tsakiyar gida, ƙarar ta ragu, ɗaya, sai can ɗaya. Ta dawo rumfa, ta ƙaru. Ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin ƙarfen, inda wani busasshen abu ruwan ɗorawa ya manne tun fil azal, sai ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya. Baba ya ce ta ciro hannunta, ta je ta wanke da sabulu.

Na ce, "Yaya, me ke nan?"

Ta dubi lambar, ta dube ni, ta dubi cikina. Ta ce, "Ban sani ba, Zuwaira. Ni tattalin arziki nake karantawa. Na san ya fi na tsakar gida nesa ba kusa ba, amma abin da zai yi wa mutum, wallahi ban sani ba."

Baba ya san mutum ɗaya da zai sani. Abokinsa Agali, Ba'abzine, wanda aikinsa ke nan a rami shekara da shekaru, auna ma'aikata da wuraren da suke aiki. Sai dai tun da aka sallame su ya koma wajen dabbobinsa a dajin Gugaram, inda waya ba ta shiga. Baba ya fita cikin ranar nan ya je tasha ya ba wani direba saƙo. Direban ya ce zai faɗa a bakin rijiya, in Allah ya sa wani ya kai.

Kwana takwas muka jira.

Washegari aka kai ni likita. Sazfam ta ɗora abin saurarenta ta ce zuciya na bugawa lafiya. Da Yaya ta yi mata bayanin ƙarfen sai ta ce wannan ba ta da abin da za ta ce a kai, in ci abinci, in bar azumi. Azumin na bari, amma abincin bai shiga ba. Inna ta dama kunu da tsamiya yadda nake so, in kai bakina in ajiye. Ban gaya wa Laminu ba. Yana kira in ya samu rezo, inda waya ke shiga, in ce lafiya lau, zafi ne kawai. Me zan ce masa yana riƙe da sitiyari a tsakiyar hamada?

Inna ta so a kira masu tsoffin ƙarafa su kwashe shi a ranar. Yaya ta ce in suka kwashe, wata mai zuwa tukunyar wani gida ce. Baba ya ɗaure igiya ya kewaye rumfar, ya ce ko kaza kada ta shiga. Inuwa ɗaya tak da muke da ita ke nan. Muka koma zaure mu huɗu, rufin kwano a kanmu, muna jin yadda yake ƙara saboda zafi. Ruwan da muke watsa wa ƙarfe muka riƙa watsa wa ƙasa, ta shanye shi kafin ka ajiye kofi. Daga zauren ana hango rumfar, da buhuna a kai yadda na bar shi, ya bushe ya ƙandare.

Aikina a kwanakin nan shi ne sauraren cikina. In ya motsa in ce me ya sa yake motsi haka da yawa. In ya yi shiru in danna da yatsa, in sha ruwa, in juya, har sai ya shure ni. Akwai yinin da tun safe har la'asar ban ji komai ba. Ban gaya wa kowa ba. Na zauna ina gyaran wake, ina zuba tsakuwa cikin mai kyau, ina zubar da waken.

Yaya ta daina fita. Takardunta na nan cikin jaka. Kullum kuran ya zo sai ta buɗe ordinater, kwamfutarta, ta yi ta karatu da Faransanci. Na leƙa ta kafaɗarta sau ɗaya. Faransancin lise ya ishe ni in gane kalmomin da ke tsoratarwa, bai ishe ni in gane sauran ba. Ta rufe da sauri. Daga baya ta ɗauko kaye, littafin rubutu, ta ce in zo mu yi abin da ta iya. Ta ce a karatunsu abu na farko da ake koya musu shi ne kada ka ce da yawa ko kaɗan, ka faɗi nawa. Muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko daga yaushe zuwa yaushe. Ranar da baƙi suka zo ban kwanta ba sai bayan sun tafi. Ranar Juma'a da na yi barci har aka tashe ni. Da buhu ko ba buhu. Ta wane gefe. Tana tambayata da muryar da take tambayar matan unguwa, ni kuma ina amsawa, sai na ji haushi ya taso mini.

Na ce mata da ba ta zo da abin nan ba, da yanzu ina kwance cikin sanyi hankalina kwance.

Ta ce haka ne. Ta ci gaba da ja wa shafin layi. Can ta ce ita ma ta yi wannan tunanin, kuma ta yi tunanin tattara takardun ta mayar wa malaminta ta ce ta fasa. Gida sittin ko fiye ta shiga tana tambayar mutane ƙarfensu, ba ta duba inda ƙanwarta ke kwance ba. Inna da ke jin mu daga madafa ta ce ba wanda zai fasa komai, shekara nawa ana aika mata gari da yaji Yamai, sai yanzu. Ta ce mu taso mu kama mata, mai ya yi zafi.

Baba kuwa abinci ya daina shiga masa. Yana buɗa baki da dabino ɗaya da ruwa, ya ture kwanon. Rana ta shida na same shi shi kaɗai a zaure bayan azahar, na zauna nesa kaɗan. Bai dube ni ba ya soma magana. Ya ce ranar da ya sayi ƙarfen mutum shida suka ɗauko shi a amalanke, yana ta murna ya samu abin arha. Ya ce a rami kullum da ɗan abin awo a ƙirjinsa, ya san ƙarar nan kamar yadda ya san muryar Inna. Amma ƙarar ta wurin aiki ce. In ka fito ka yi wanka ka canza kaya, ka baro ta can. Bai taɓa kawo wa ransa ta biyo shi gida ba.

Ya ce, "Ni na ce ki hau."

Na ce, "Baba, sanyi ka ba ni."

Ya ɗauki carbinsa ya ci gaba da ja. Na tashi na koma wajen Inna.

Rana ta takwas, ashirin ga azumi, bayan la'asar muka ji sallama. Agali ne, dogon tsoho siriri, rawaninsa ya rufe baki, da jakar fata a kafaɗa. Saƙon ya same shi kwana uku da suka wuce, sai da ya samu wanda zai bar wa dabbobi. Suka gaisa da Baba doguwar gaisuwa, suna shafa hannu suna sakewa, har na ji kamar in yi ihu. Ya tsokani Baba wai ya tsufa ya bar shi yaro. Sannan ya ce a nuna masa.

Ya karɓi na'urar Yaya, ya juya ta, ya ce mai kyau ce, ta fi waɗanda suka yi aiki da su. Ya tsallaka igiyar. Ya auna saman ƙarfen wajen kai, da tsakiya, da ƙafa. Ya sa aka jiƙa buhu ya shimfiɗa ya sake aunawa. Ya auna ƙasan, ya girgiza kai. Kowane awo sai ya rubuta da fensir a wani ɗan littafi da ya tsufa. Ya ce dattin duk a ƙasa yake, kaurin ƙarfen ya tare da yawa. Ya ce ya san inda ake kai irin wannan, shi zai yi magana a zo da mota, kada kowa ya kankare shi. Sannan ya tambaya awa nawa na yi a kai. Ya ce ya san ba za a sani ba, a kimanta kawai.

Yaya ta miƙa masa kayen.

Ya buɗe, ya bi layukan da yatsa har ƙasa, ya ɗago ya tambaya wa ya yi wannan. Inna ta ce ɗiyarta ce, mai karatu a Yamai. Karon farko ke nan da na ji ta faɗe shi ba da tsokana ba. Ya ce da ma'aikata na riƙe lokacinsu haka, da bai yi furfura da wuri ba.

Ya zauna a ƙasa a bakin zaure ya soma lissafi. Ban san minti nawa ya ɗauka ba. Na san man ƙosai ya ƙone a kasko, don Inna na tsaye da ludayi ba ta koma ba. Na san inuwar katanga ta taso daga ƙafarsa ta kai gwiwa. Ya gama, ya sake daga farko. Ya kira Yaya ya ce ta bi bayansa da nata lissafin, ta bi, suka dace.

Ya sauke rawanin daga bakinsa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wurinsa.

Ya ce, "Ɗiyata, kai ka tsira. Abin da ka ɗauka kwana sha biyu kaɗan ne, bai kai ya taɓa ka ba, bai kai ya taɓa na cikinka ba. Ka je likita ka ci gaba da awo kamar kowa. Ka ci abinci."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na zame jikin bango na zauna, Yaya ta riƙe kaina tana kuka ba sauti. Yarinyar da na haifa tana bayana yanzu da nake rubutun nan, tana barci, gumi ya jiƙa mini wuya.

Baba Agali bai rufe littafin ba. Ya buɗe sabon shafi, ya lashi bakin fensir, ya juya wajen abokinsa.

Ya ce, "Saura kai, Mamman. Shekara nawa kana kwana a kai?"

Baba ya dubi rumfar. Ya dubi Yaya Habsu, wadda shekarunta ne amsar. Sannan ya miƙa hannu ya rufe littafin a kan gwiwar abokinsa.

Ya ce, "Zuwaira na kira ka ka auna."

Ya juya ya ce wa Inna ta kawo mini kunu, ba sai an jira magariba ba.